Ironbridge: yadda talauci ya adana abinda arziki ya gina

In ana maganar tsofaffin gine-ginen Ingila yawancinmu abinda ke fara zuwa mana a rai shine fadar Buckingham ko manyan coci-coci ko gidajen sarakuna masu katangar dutse, amma akwai wani nau'i daban da Turawan nan ke kashewa miliyoyin fam wanda in ka ganshi da ido zaka ce ai kufai ne kawai. Rusasshen murhun narka ƙarfe, bututun hayaƙin da ya shekara ɗari bai fidda hayaƙi ba, bakin ramin kwal, layin gidajen lebura masu ɗaki bibbiyu. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi tara irin waɗannan shine kwarin Ironbridge, wanda yau unguwa ce a kudancin garin Telford cikin yankin Shropshire, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Bamingham in ka yi yamma. UNESCO ta saka shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1986, yana cikin rukunin farko da aka ɗauka daga Birtaniya.

Mutane da yawa sun ɗauka wai son tarihi a jinin Bature yake shi yasa baya rushe komai. A Ironbridge dai labarin bai tafi haka ba. Talauci ne ya fara tsare wurin, doka da kuɗi daga baya suka zo suka tarar, kuma har yau akwai abubuwan da ake rushewa a wurin ana kallo.

Shi kwarin kogin Severn ne ya yanka shi tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, da ya yanka sai ya tone duk abinda ke ƙarƙashi ya barshi a fili: kwal, tama, dutsen farar ƙasa, yumɓu, duk a gefen tudu ɗaya, ga kuma kogi da jiragen ruwa zasu bi har tashar Bristol. Mai sana'ar ƙarfe me zai nema kuma.

A 1709 wani mutum Abraham Darby, ɗan ɗariƙar Kiristoci ta Quaker da ya zo daga Bristol, ya karɓi hayar wani tsohon murhu a Coalbrookdale, ƙaramin kwarin da ke gangarowa cikin babban. A lokacin da gawayi ake narka tama, shi kuma gawayi itace yake ci ba kaɗan ba, kuma in murhu yayi tsawo sosai nauyin tama murƙushe shi yake iska ta kasa ratsawa. Kwal yana nan birjik amma yanada farar wuta a jikinsa, in ka narka tama dashi ƙarfen sai ya fito da gautsi, ka buga ya fashe. Abinda Darby yayi shine ya fara gasa kwal ɗin a rufe har yawancin dattin ya fita da hayaƙi, abinda ya rage mai tauri mai huji-huji shi ya zuba a murhu, kuma yayi sa'a kwal ɗin yankin dama farar wutarsa kaɗan ce. Shi fa ba juyin juya hali ya fito yi ba, tukwane yake son sayarwa. Tun 1707 yanada takardar mallakar dabarar zubin tukunya a cikin yashi, kusan irin yadda masu zubin tukwanen alminiyom ke yi a kasuwanninmu, a danna yashi mai danshi a akwati a cire samfur a zuba narkakken ƙarfe. Tukwanensa sun fi na kowa sirantaka da araha. Wani ɓangare na jarin daga 'yan kasuwar Bristol ya fito, musamman gidan Goldney, ita kuma Bristol a wancan zamanin tana sahun gaba a cinikin bayi daga Afirka, wannan ma yana cikin tarihin ko da ba shi aka fi bugawa a takardar talla ba.

Daga tukwane aka koma zubin silindar injin tururi a shekarun 1720, aka zuba layin dogo na ƙarfe a 1767, a 1802 kuma a nan aka haɗawa Richard Trevithick kan jirgi mai tafiya da tururi. Masu tallar yawon buɗe ido suna kiran wurin mahaifar juyin masana'antu, ni dai ina ganin an ɗan sa gishiri, tunda dabarar Darby sai da ta yi wajen shekara 40 kafin sauran masu narka ƙarfe su karɓa, sai a shekarun 1750 lokacin ɗansa Abraham na biyu, kuma auduga a Lancashire da injin James Watt a Bamingham suma ba'a baya suke ba. Amma ko an cire gishirin abinda ya rage yanada yawa.

Gadar ita ce kowa ya sani. Wani mai zanen gini daga Shrewsbury, Thomas Farnolls Pritchard, shi ya zana ta, ya mutu a 1777 bai ga an ɗaga ko ƙarfe ɗaya ba, jikan Darby wato Abraham na uku shi ya ɗauki aikin. An kafa bakan a 1779, aka buɗe ta ranar 1 ga Janairu 1781, tsawon bakan ya ɗan haura mita 30, ƙarfen zubin da ke jikinta kimanin tan 378. Dalilin yinta baka ɗaya tal babu ginshiƙi a tsakiyar ruwa shine jiragen da ke zirga-zirga a kogin, in ka dasa ginshiƙi ka tare musu hanya.

In mutum ya sauka ƙarƙashinta ya ɗaga kai shine zai ga abin mamakin. Tunda ba wanda ya taɓa yin babbar gada da ƙarfen zubi ba wanda ya san yadda ake haɗa ta, kuma babu walda a lokacin, toh sai suka yi mata haɗin kafinta. An fafe rami a jikin wannan ƙarfe an zura harshen wancan a ciki an buga weji ya matse, wani wurin kuma haɗi ne mai faɗi a baki siriri a gindi irin wanda ake yiwa kusurwar durowa. Kuma guntayen ba girmansu ɗaya ba, kowanne an zuba shi ne daidai gurbin da zai shiga, biyu da ya kamata su zama tagwaye sai ka auna ka tarar da bambancin santimita da dama. An daɗe ba'a san ma yadda aka ɗaga haƙarƙarin ba sai a 1997 da aka gano wani ƙaramin zane na Elias Martin a Stockholm yana nuna katakon da aka kafa a ruwa ana jan su sama. Kuɗin aikin ya kusa ninka abinda aka ƙiyasta, Darby na uku ya cike gibin daga aljihunsa, har ya mutu a 1789 bashi bai sake shi ba. Allon kuɗin ƙetare yana nan a jikin ɗan ɗakin karɓar kuɗi, an rubuta soja ko yana bakin aiki zai biya, har 'yan gidan sarauta zasu biya. Da babbar ambaliyar 1795 ta zo ta lalata gadojin dutse da yawa a Severn, wannan ko gezau, daga nan injiniyoyi suka fara ɗaukar ƙarfen zubi da gaske.

Bayan haka sai duniya ta juyawa kwarin baya. Kwal mai kyau ya ja baya, manyan masana'antun ƙarfe suka koma kudancin Wales da yankin da ke kusa da Bamingham, jirgin ƙasa ya kashe sufurin kogi. Wasu sana'o'in sun riƙe wurin na wani lokaci, tangaran a Coalport, tayil a Jackfield inda kamfanonin Maw da Craven Dunnill suke, lofen taba na yumɓu a Broseley, shi kansa kamfanin Coalbrookdale ya koma zubin kayan ado, ƙofofin da ya kai babban baje kolin Landan na 1851 suna nan har yau a gefen Hyde Park. Amma ɗaya bayan ɗaya suka mutu. Gangaren Hay, wanda ake ɗora kwale-kwalen kaya akan dogo a sauke su mita 63 daga magudanar sama zuwa bakin kogi, ya daina aiki a 1894. Murahun Blists Hill sun mutu a 1912. Masu tangaran sun kwashe zuwa Staffordshire a 1926. A 1934 aka hana mota hawa gadar, masu ƙafa kuma suka ci gaba da biya har 1950.

Anan ne maganar talaucin ta shigo. A garuruwan da kuɗi bai bar su ba, duk masana'antar da ta tsufa rushe ta ake a gina sabuwa a kanta, shi yasa zakaga garin da yafi arzikin masana'anta sau da yawa shine wanda na farkonsa suka ɓace. A Ironbridge ba wanda ke neman filin. Rushewa ma kuɗi take ci. Sai aka bar sito da murhu da gidajen lebura a tsaye, ciyawa da bishiyoyi suka rufe su. Murhun Darby da kansa tun farkon ƙarni na 19 aka daina hura shi, aka riƙa zuba masa sharar maƙera har ya nutse, binnewar ce ta kare shi daga ruwan sama da masu kwasar bulo. Sai a 1959 da kamfanin zai yi bikin cika shekara 250 aka tono shi. Ita gadar ma a shekarun 1950 hukumar yankin ta kawo shawarar a cire ta a sa sabuwa, Allah ne bai yi ba.

Abinda ya canza lissafin abu biyu ne. Na farko, rushe babbar ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan tsakanin 1961 da 1962 duk da ihun da aka yi, wannan ya farkar da mutane cewa kayan zamanin masana'antu suma suna ƙarewa. Na biyu kuma sabon gari. Gwamnati na son rage cunkoson Bamingham sai ta ware wannan yanki a 1963 da sunan Dawley, a 1968 aka faɗaɗa aka sa masa Telford, sunan injiniya Thomas Telford. An haɗa ƙananan garuruwan haƙar kwal ne aka ce sun zama gari ɗaya, fili cike da tsaunukan shara da ramuka, ba cibiya ba abin alfahari, toh hukumar gina garin ta ga tsofaffin kufan nan sune zasu ba sabon garin fuska. A 1967 aka kafa gidauniyar gidajen tarihi na kwarin, wadda a hankali ta kai tana riƙe da wurare 10.

Mafi farin jini a cikinsu shine Blists Hill da aka buɗe a 1973, kuma shine nake da 'yar magana akai. Murahun da masana'antar bulo da magudanar ruwa na asali ne, a wurin suke tun fil azal, amma shaguna da makaranta da mashaya yawanci daga wasu wurare aka kwance su bulo-bulo aka kawo aka sake ginawa, wasu kuma kwaikwayo ne. Ma'aikata na sanye da kayan zamanin Sarauniya Victoria, ka shiga banki ka canza kuɗinka zuwa irin sulallan da, kaje ka sayi alewa ko burodi. Yara na jin daɗi kam, kuma kuɗin tikitinsu ne ke taimakawa wajen gyaran sauran wuraren da ba wanda zai biya ya gani. Sai dai wurin yayi tsafta da yawa. Babu hayaƙin da ke mai da rana dare, babu tari. Wanda ke son ɗaya ɓangaren sai ya hau zuwa cocin St Michael a Madeley, wanda shi Thomas Telford ɗin ne ya zana, a maƙabartar akwai kabarin mutum tara da suka mutu rana ɗaya a 1864 lokacin da sarƙar da ke jawo su daga ramin tama ta kuɓuce, wasunsu yara ne, ƙaraminsu shekararsa 12. Ko a tuna 1821 a Dawley da mahaƙa suka fito kan rage albashi, sojan doki suka buɗe wuta, daga baya aka rataye Thomas Palin. Irin waɗannan basu bar gini ba, shi yasa doka bata da abinda zata yiwa rajista.

Ita dokar ga yadda take. Tun bayan yaƙin duniya na biyu, a dokar tsara birane ta 1947, Ingila ke da rajistar gine-ginen da ba'a taɓawa sai da izini. Hukumar Historic England ce ke dubawa ta bada shawara, minista ya sa hannu. Mataki uku ne, Grade I na ƙololuwa wanda bai kai kashi 3 cikin 100 ba, sai Grade II mai tauraro kusan kashi 6, sauran sama da kashi 90 duk Grade II ne. Ginin da ya girmi shekarar 1700 in dai yana nan da kamanninsa kusan kai tsaye yake shiga, na 1700 zuwa 1850 yawanci suna shiga, daga nan ake fara tankaɗe, wanda bai kai shekara 30 ba kuma da wuya a kalle shi. Akwai wata rajistar daban da ta girmi wannan, tun 1882, ta kufai da abinda ba'a zama a ciki, ita gadar tana cikin duka biyun. Sannan tun 1967 ƙaramar hukuma na iya shata unguwa sukutum tace ta kariya ce, a irin wannan unguwa ko bishiyar gidanka zaka sare sai ka bada sanarwar sati 6.

Abinda mutane basu cika ganewa ba shine rajista bata mai da gida na gwamnati ba. Gidanka ne, kana ciki, zaka iya sayarwa. A Coalbrookdale akwai layukan gidajen lebura na ƙarni na 18 irin su Tea Kettle Row da har yanzu mutane ke zaune ciki. Amma in taga ta ruɓe baza ka je ka sa ta roba mai gilashi biyu ba duk da sanyin da ake, sai ka nemi izini kuma galibi za'a ce katako irin na da, in rufi ne tayil irin na da, in shafe ne da farar ƙasa ba siminti ba saboda tsohon bulo yana buƙatar numfashi, kuma kariyar har cikin gida take, matakala da murhun ɗaki duk suna ciki. Wanda yayi gaban kansa laifi ne na kotu, tara ko ma ɗauri. Gwamnati kuma bata ɗaukar maka kuɗin gyara, tallafi sai wanda ya dace. Kenan mai ƙaramin gida Grade II shi ke ɗauke da kaso mai yawa na adana tarihin ƙasa daga albashinsa, a wani ɓangaren kuma sunan da unguwar tayi ya ɗaga farashin gidaje, gidan da a shekarun 1960 ake cewa bai dace mutum ya zauna ba yau masu hali ke rububinsa ko a mai da shi masaukin baƙi. Tambarin UNESCO shi bai zo da wata doka tasa ba, suna ne da sa ido, amma ana iya ƙwacewa, Liverpool ta rasa nata a 2021 saboda sababbin gine-gine a bakin tashar ruwa.

Sannan akwai abokin gabar da ba ruwansa da rajista, wato ƙasar kanta. Gefen kwarin zamewa yake a hankali zuwa kogi, dama can haka yake, ga kuma ɗaruruwan shekaru ana fafe cikinsa ana jibga shara a bayansa. Bakin kogin biyu suna matsowa suna matse gadar suna tura tsakiyarta sama, shi kuma ƙarfen zubi yana jure danniya amma baya jure lanƙwasa, tsagewa yake. A farkon shekarun 1970 sai da aka tare ruwa aka zuba katafaren kankare a ƙarƙashin kogin daga wannan gindi zuwa wancan ya tokare su, abinda ke riƙe da gadar yau kenan kuma ba mai ganinsa. Tsakanin 2017 da 2018 English Heritage, ƙungiyar da ke kula da gadar, ta sake kashe fam miliyan 3.6 akanta, a nan ne aka kankare fenti aka gano asalin launinta ja ne mai duhu, aka cire mata launin tokar da kowa ya saba gani. A Jackfield ƙasa ta zame a 1952 ta tafi da gidaje da dama, sai a shekarun 2010 aka dasa turakun ƙarfe da kankare a gangaren. Ga ruwa kuma, a Fabrairun 2020 Severn ya cika har ya tura shingen wucin gadi da ake kafawa a titin bakin kogi, aka kwashe mutane, sito mai kama da coci da ke gefen ruwa da gidan tarihin Coalport duk sun sha. Haɗa wannan da kullen korona da raguwar baƙi zaka gane dalilin da yasa gidauniyar ta gaji, a 2025 aka sanar National Trust, babbar ƙungiyar adana wuraren tarihi ta ƙasar, zata karɓi wuraren da tallafin gwamnati na fam miliyan 9.

Duk da wannan hidima, a watan Nuwamba 2017 maƙerar zubi ta Coalbrookdale, wadda a ƙarshe take zubawa kamfanin Aga sassan murhun girki, ta rufe bayan sama da shekara 300 ana narka ƙarfe a wurin, ma'aikata suka ɗaure takalman aikinsu a jikin get suka tafi. Doka na iya hana a taɓa bango, bata iya hana a sallami ma'aikaci. Can sama da gadar kaɗan kuma a da akwai tashar lantarki mai aiki da kwal da aka gina a shekarun 1960, da manyan hasumiyoyin sanyaya ruwa guda 4 da aka rina simintinsu ja-ja dan su saje da ƙasar wurin. Ta daina aiki a 2015, ba'a saka hasumiyoyin a rajista ba, ranar 6 ga Disamba 2019 aka tashe su da nakiya cikin daƙiƙu jama'a na kan tudu suna ɗauka a waya. Ni a ganina in labarin kwarin labarin kwal ne daga 1709, toh waɗannan ne babin ƙarshe, kuma hujjar da aka rushe su da ita, sunyi girma, basu tsufa ba, kula dasu tsada, kusan ita ce ake faɗa akan murhun Darby kafin 1959. Bambancin kawai wannan karon filin yanada daraja, kamfanin Harworth ya saya dan gina gidaje kusan 1,000.

Abinda tashar ta bari shine gadar jirgin ƙasa ta Albert Edward, ta ƙarfen zubi, John Fowler ya zana kamfanin Coalbrookdale ya zuba aka buɗe a 1864, ta kanta jiragen kwal ke bi zuwa tashar har aka rufe. Tana cikin rajista, ba mai ikon cire ta, amma tunda jiragen kaya suka daina zuwa bata da aikin yi, ana ta maganar a farfaɗo da layin dan fasinja ko 'yan yawon buɗe ido, abin ya tsaya akan wa zai biya kuɗin ƙarfafa ta.